Yadda za ka duba wutar gidanka kafin zafi ya kankama

Sana'ata gyaran wuta ce, a nan Damagaram na koye ta, a nan kuma nake cin abinci da ita. Na shiga tsofaffin gidajen Birni masu rufin azara, na shiga shagunan Zango, na shiga sababbin gidajen siminti na bakin gari. Kusan duk inda aka kira ni bayan ɓarna ta auku, idan na bi sawu sai in tarar daga ƙaramin wuri abin ya faro: kusar da ta saki a bayan piriz, wato wurin soka waya a bango, ko siririyar waya da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta. Irin wannan ba ya zuwa rana ɗaya. Yakan ɗauki makonni yana ɗumi, yana wari, yana ƙara, mutanen gida suna gani suna wucewa. Shi ya sa nake son maigida da uwargida su iya zagaya gidansu da kansu, da ido da hanci da bayan hannu, tun kafin watan Maris ya shigo a kunna kowace fanka da kowane firigo lokaci guda.

Fara daga kontar, na'urar da ke ƙirga wutar da gida ya sha. Kusa da shi akwai dijontar, makunnin da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya. Tara mutanen gida ka nuna musu shi, kowa ya sauke ya ɗaga da hannunsa: uwargida, amarya, ƴar aiki, yaran da suka yi wayo. Ina nanata wannan ne domin da rana, lokacin guga da wanki da girki, maigida yana kasuwa ko wurin aiki, mata da yara ne a gida. Idan akwatin yana da kwaɗo, kada makullin ya bi ka a aljihu. A kwashe buhunan gero da babur da itacen da aka jibge a gabansa, a rataye tocila kusa da shi. Lokacin da ka buɗe akwatin, leƙa ko tsaka ko ƙadangare sun mayar da shi gida, ko ƙurar hunturu ta cika shi. Amma duk wurin da kamfanin wuta, NIGELEC, ta ɗaure da hatiminta, nata ne. Kada ka taɓa, kada kuma ka bar wani ya taɓa maka.

Idan dijontar ya faɗi da kansa, aikinsa ya yi. Cire duk abin da ke jone a gidan, ka ɗaga shi, sannan ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka jona ya sake faɗuwa, shi ne mai laifin, ko kuma shi ne ya cika nauyin. Idan kuwa babu komai a jone amma ya ƙi tsayawa, matsalar tana cikin wayoyin bango, ka bar shi a sauke ka kira mai gyara.

Akwai wani gida da aka kira ni wai bangon ɗakin uwargida yana wari. Ina buɗe allon ƙananan dijontar sai na ga na layin piriz an rubuta 32 a jikinsa, wato amper 32, nauyin wutar da zai bari ya wuce ba tare da ya faɗi ba, wayar da ke bayansa kuwa mai kaurin 2.5 ce, wadda ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Na ce, "Alhaji, wa ya sa maka wannan?" Ya ce, "Malam, na da ne ya dame mu da faɗuwa, sai wani yaro ya ce bari ya sa mana babba mu huta." Na kama hannunsa na ɗora a bangon daidai inda wayar ta bi, ya janye da sauri ya ce, "Subhanallahi." Dijontar na 16 da aka cire yana faɗuwa ne don ya kare wayar. Da aka sa na 32, nauyin yana nan yadda yake, sai dai yanzu babu mai hana wayar gasuwa. Haka ma masu ɗaure fizibil, ɗan abin da ke ƙonewa don ya yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, da guntun tagulla bayan ya ƙone.

Lissafin ba wuya. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jiki ko a ƙarƙashi, ka raba shi da 220 ka samu amper ɗin da take ja. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amper 5 da rabi. Butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan amper 9. Fanka kuwa da wuya ta kai rabin amper, ampul na zamani ma bai kai a yi maganarsa ba. Ka ga ke nan kayan da ke yin zafi su ne masu nauyi: guga, risho, hita, tukunyar lantarki, sai kuma kilim mai sanyaya ɗaki. Piriz mai kyau iyakarsa amper 16, wato kusan wat 3,500. Waya kamar jaki take, tana da iyakar kayan da za ta ɗauka, sai dai ita ba ta durƙushewa ka gani, zafi take yi a ɓoye cikin bango. Ƙa'idar da muke aiki da ita: waya mai kaurin 1.5 ga fitilu, 2.5 ga piriz, kilim da babban risho kuma kowanne a ja masa nasa layin daga allo, da nasa dijontar.

Wajen sayen waya kuwa, araha ba ta ado. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a bayanta amma robar ce ta yi kauri, ƙarfen cikin bai kai ba. Akwai wadda sanholon alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa ruwan tagulla. Tun a shago ka nemi a feɗe maka bakin wayar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. Tagulla ta gaskiya ja ce har ciki. Idan ka ga fari ya bayyana, ko maganaɗisu ya kama ta, ajiye musu abinsu.

Yanzu ga abin da na fi so ka ba lokaci. Da dare bayan isha'i, lokacin da komai na gidan yake kunne, bi ɗaki ɗaki. Busasshen hannu, takalmi a ƙafa, ka ɗora bayan yatsunka a kan murfin robar kowane piriz da kowane makunni, da kan wayar da aka soka. Ɗan ɗumi a kan wayar dutsen guga ba komai ba ne. Amma zafin da zai sa ka janye hannu, ko baƙi-baƙi a bakin ramukan, ko robar da ta canza launi ta motse, ko warin ƙonewar roba, wani lokaci kamar ƙarnin kifi, ko ƙarar "zzz" idan ka kasa kunne, duk wannan piriz ɗin ya gama aiki. A daina amfani da shi tun daga daren, a canza shi. Haka idan kan waya yana rawa a cikin ramin, sai an tokare shi ko an karkata shi kafin ya kawo.

Idan na kwance irin wannan, abin da nake gani kullum ɗaya ne. Kusar da ke riƙe wayar ta saki, tagullar ta yi baƙi ƙirin, robar da ke jikinta ta bushe har tana marmashewa tsakanin yatsu, ƙasan akwatin duk toka. Wuta idan za ta bi ta haɗin da bai matse ba, wurin yakan yi zafi. Zafin ya buɗa ƙarfe, sanyi ya mayar da shi, kusar ta ƙara saki, gobe zafin ya fi na yau. Abin da ya sa wannan ya fi komai haɗari shi ne dijontar ba ya ganin sa. Amper ɗin bai wuce ƙa'ida ba, don haka ba zai faɗi ba, har ranar da robar za ta kama ta lashi labule ko katifa ko filafon. Hannunka da hancinka ne kaɗai za su gano shi a kan lokaci.

Daga nan ne kuma nake roƙon a bar ɗabi'u biyu. Ta farko, soka tsirarar waya cikin piriz a tokare da tsinken ashana saboda kan wayar ya karye. Sabon kai bai kai kuɗin cefanen yini ba. Ta biyu, murɗe waya biyu a naɗe da leda. Leda narkewa take yi, sikoci ma rana tana sakin sa. Haɗi na kirki da domino ake yin sa, wato ɗan mahaɗin waya mai kusoshi, a matse kusa sosai, a rufe cikin akwati. A gidajen azara da masu filafon na katako, a sa waya cikin bututunta, domin ɓera da gara ba sa raga mata.

A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kowa ya fito tsakar gida da tabarma da gidan sauro, an jawo fanka da ralonji, wayar ƙarin tsawo. Ban hana ba, ni ma haka nake kwana. Amma ralonjin ya zama mai kaurin waya, a warware shi duka kada a bar shi a naɗe, kada a jona wani a bakin wani, kada ya bi ƙarƙashin katifa ko tabarma ko ta bakin ƙofar ƙarfe inda ƙyaure zai riƙa datse shi. Bakinsa a ɗora kan kujera ko a rataye, musamman da yake muna yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma. Ƙananan ralonjin nan masu ramuka da yawa na caja ne da talabijin da fanka. Guga da hita da firigon ƙanƙara, kai tsaye a bango. Mai na'urar sanyaya ɗaki ta ruwa, ki cire ta daga wuta kafin ki zuba mata ruwa. Idan kuma hadarin farko ya taso cikin dare, kafin a kwashe shimfiɗa a fara zare ralonji daga bango.

Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kaso mai yawa na wutar wannan yanki ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa take zuwa, kowa kuma ya tuna yadda aka sha duhu bayan an yanke ta a watan Agusta na 2023. Haɗarin yana wurin dawowarta. Ana cikin guga aka ɗauke, aka bar dutsen a kan riga aka fita barka ko kasuwa, wuta ta dawo ba kowa a gida. Don haka da zarar an ɗauke, abu na farko a zare guga da risho da hita. A cire talabijin da firigo, a bar ampul ɗaya kunne ya zama mai shela. Idan ta dawo a ba ta kamar minti biyar ta daidaita kafin a mayar da firigo. Kada kuma wani ya ce bari ya yi gyara tunda an ɗauke, ba ta sallama idan za ta dawo. A sauke dijontar tukuna, a gwada da testa, a gaya wa mutanen gida kada wanda ya ɗaga.

Idan ta zo da rauni, ampul ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, firigo yana gurnani ya kasa tashi, kashe duk mai inji, domin a irin wannan hali ne injin ke zafi ya ƙone. Idan kuwa ka ga wasu fitilu sun yi haske fiye da kima wasu sun dushe a lokaci guda, yawanci wayar netir, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ce ta katse. Sauke babban dijontar nan take ka sanar da kamfani.

Sau da yawa mata kan ce min, "Firigon nan yana ɗan ja, amma mun saba, sai mu sa takalmi." Ba abin sabo ba ne, Hajiya. Wuta ce take zuba a jikin ƙarfen tana neman hanyar ƙasa. Busasshiyar fata tana tare ta sosai, shi ya sa yau kika ji ɗan tsikari kawai. Ranar da kika fito daga wanke-wanke da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi, ko yaro ya dafa shi da gumi, labarin zai sha bamban. Abin da ƙaramin ampul mai wat 10 ke ja, wajen miliamper 45, ya isa ya rikita bugun zuciya idan ya ratsa ƙirji ya ɗan daɗe.

Maganinsa abu biyu ne, kuma su ne kuɗin da na fi ganin amfanin kashe su a gida. Na farko wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke tafiya daga kowane piriz zuwa sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A garin nan sai an yi da gaske, domin ƙasarmu busasshen rairayi ce, ƙarƙashinta kuma dutse. Guntun rodi mai tsawon kamu biyu ba ya yin komai. Sanda ta kai mita 2 idan ƙasa ta yarda, a nemi wuri mai laima, idan dutse ya tare a kafa biyu ko uku a haɗe su, a kuma auna da na'ura. Na biyu difaransiyal, wanda aka rubuta 30 mA, wato miliamper 30, a jikinsa. Shi yana auna wutar da ta shiga da wadda ta dawo, idan ya ga ta ragu, wato tana bin jikin mutum ko ƙarfe, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Duba na gidanka. Idan 300 ko 500 ka gani, wannan bai isa ya ceci rai ba, a ƙara na 30 a bayansa. Yana da ɗan maɓalli mai harafin T, a danna shi sau ɗaya a wata, in bai faɗi ba ya lalace.

Da hunturu, hitar da ake tsomawa a bokiti ita ce abin tsorona. A tsoma ta kafin a jona, a zare ta daga bango kafin a sa yatsa a ji ɗumin ruwa, kada a yi a banɗaki, kada a bar ta da yara. Waɗanda ake haɗawa da hannu da reza ko guntun ƙarfe kuwa, ruwan kansa ne ke ɗauke da wutar, a jefar da su.

Gurup, wato janareta, wurinsa waje ne, nesa da taga da ƙofa. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, ta kwantar da mutum cikin barci. Tsoron ɓarawo kada ya sa a shigar da shi zaure ko shago a rufe, a yi masa keji na ƙarfe a fili. A kashe shi ya huce kafin a ƙara masa mai, kwalaben mai kuma su yi nesa da shi. Kada a jona shi ta piriz ɗin bango. Sai an sa makunnin sauya layi, wanda ke raba gidan da layin kamfani, in ba haka ba wutarka za ta koma kan poto ta sami ma'aikacin da ke gyara yana zaton layin a mace yake. Masu fano na hasken rana kuma, kada ƙanƙantar bolt 12 ta ruɗe ku. Kayan wat 600 suna jan amper 50 daga batir, don haka wayarsa gajera ce mai kauri, da fizibil dab da batirin. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji, a ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ba.

Jan wuta zuwa maƙwabci da doguwar siririyar waya, a tsallaka lungu ko a binne ta kamu ɗaya cikin rairayi, da damina yakan zama tarko ga yaran unguwa da awaki. Zumunci na gaskiya shi ne a taimaka masa ya samu nasa kontar.

Damina tamu da iska take fara zuwa. Kafin Yuni, duba inda waya ta ratsa kwanon rufi ko ta goga jikin ƙofar ƙarfe, duba rassan bedi da suka kai ga layi, amma sararsu a bar wa masu aikin. Igiyar shanya ta ƙarfe kada a ɗaure ta a poto ko a jikin kwano. Bangon ƙasa idan ya sha ruwa yakan ɗauki wuta, idan ka ji yana ja, sauke dijontar. Mai kafa eriya da magini mai ɗaga rodi a saman gini su dubi sama kafin su ɗaga, domin babban layi ba sai an taɓa shi ba, kusantarsa ma ta isa. Wayar da ta faɗo ƙasa kuwa, ko ba ta tartsatsi, a ɗauka da ranta. A ja baya mita 10, a tsayar da babba ya kori yara da dabbobi, kada a shiga ruwan da ta faɗa ciki, a kira NIGELEC da ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Ga masu rarrafe, a toshe piriz na ƙasa-ƙasa da murfinsu, a daina barin caja a jone wayarta tana lilo, domin baki suke kai ta. Salula kuma kada ta kwana tana caji ƙarƙashin matashi.

Idan Allah ya ƙaddara wuta ta kama wani, kada ka cafke shi, za ta haɗa da kai. Ruga ka sauke dijontar. In ya yi nisa, tsaya kan busasshen wuri da takalmin roba, ka ture wayar ko mutumin da busasshiyar taɓarya ko kujerar roba. Wannan a wutar gida ke nan, idan babban layi ne ba a kusanta sam sai an yanke. Da ya rabu da ita, kira shi, duba numfashinsa, ka sa wani ya kira 18. Idan ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti, kada ka tsaya har taimako ya iso. Na sha jin ana cewa a binne shi cikin rairayi ko a ɗura masa madara. Babu wata wuta da ta rage a jikinsa da za a zuƙe, rairayin ɓata lokaci ne, madarar kuwa tana iya shaƙe wanda bai farfaɗo ba. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi a hankali har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki da ƙwai da manja, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, idan ya suma, ko ya ƙone, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko yaro ne, ko mai juna biyu, a kai asibiti a ranar, domin ɓarnar wuta ta ciki takan fi wadda ido ke gani.

Idan gobara ce ta tashi daga waya ko na'ura, kada a watsa ruwa sai an tabbatar an yanke wutar, har da ta gurup da ta batir. Kafin nan rairayi ne abin amfani, ko tukunyar kashe gobara mai hoda. A fitar da yara da tsofaffi tukuna, idan hayaƙi ya cika ɗaki a fita a ja ƙofa, kada a koma ɗauko kaya. Bayan ta mutu, dijontar ya zauna a sauke har mai gyara ya bi layin da ya ƙone daga farko zuwa ƙarshe ya canza shi, domin robar da ta sha zafi ko ba ta nuna ba ta riga ta mutu.